Hoton da Yaya ya gyara wa Baba

Yayana mai hoto ne. Shekara ashirin da ɗaya ya yi a cikin sana'ar, kuma ban san mutum ɗaya da ya fito daga shagonsa da fuskar da ya shiga da ita ba. A unguwa ba mai kiran sa da sunansa. Ya-Danganta ake ce masa, don ita ce amsarsa ga kowace tambaya. Ka ce masa rana ta fito, zai ce ya danganta da inda kake tsaye. Ka tambaye shi ko ya ci abinci, sai ya karkace kai kamar an kawo masa shari'a. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba, na daɗe da raina shi. Son sa dai ina yi, wannan dole ce ta jini, amma rainin yana nan daram.

Tun yana ƙarami haka yake. In ya fasa kofi ba zai ce bai fasa ba, ba kuma zai ce ya fasa ba. Sai ya ce ai kofin a bakin tebur yake, wanda ya ajiye shi can ma yana da nasa kason. Babanmu kuwa kafinta ne, mutumin da in ya kanne ido ɗaya ya dubi katako ya ce ya karkace, to ya karkace, magana ta ƙare. Ya so Yaya ya gaje shi. Wata uku suka yi tare. Ranar da ya ba shi kujera ya haɗa, ƙafa ɗaya ta fito guntuwa, Baba ya zauna kujera ta hau rawa. Yaya ya ce ƙasan wurin ne ba daidai ba. Baba ya ɗauki kujerar ya kai ta wuri uku, ko'ina tana rawa. Sai ya ce, “Tafi makaranta, can ake son masu irin bakinka.”

Ya tafi kuwa, har jami'a. Shekara ɗaya da rabi ya yi ya dawo ba takarda, sai ɗan gemu da littattafai uku masu yagaggen bango. Daga nan muka shiga uku. Kullum maganarsa ɗaya, wai babu wata gaskiya tilo a duniya, kowa da tasa. Ummanmu ta ce to ya je ya nemi sana'a da tasa gaskiyar, don tukunyarta ba ta jin wannan karatun. Da haka ya faɗa ɗaukar hoto.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne tsakanin kemis da wani mai faci. A bango akwai labule mai zanen wani bene da farar matakala. Akwai jar kujera mai hannu da ta ci zamaninta, da furen roba da ƙura ta mayar ruwan ƙasa, da baƙar kwat guda ɗaya a rataye a ƙusa. Rabin mazan unguwarmu da wannan kwat suka nemi aiki, kuma ban taɓa jin ranar da ta ga ruwa ba. Can kusurwa kwamfuta ce da injin fitar da hoto.

Ga yadda yake aikinsa. In ya ɗauke ka, ba zai bari ka leƙa kyamara ba, sai ya ce ka je ka dawo bayan awa ɗaya. Daga nan ya duƙufa gaban kwamfuta kamar mai tsintar shinkafa. Ya goge ƙuraje, ya share tabo, ya cike giɓi, ya rage hanci, ya yi ta ƙara haske har baƙin mutum ya koma wankan tarwaɗa. In ya gama, sai ya ajiye gyararren a kan na asalin ya danne shi. Da yamma kafin ya rufe shago ya goge katin kyamara tas. Na asalin yana ce masa ɗanye, wai ɗanye ba a ajiye shi. Har alfahari yake yi, wai ko ya mutu ba wanda zai buɗe kwamfutarsa ya ga munin wani.

Mutane kuma suna so, wannan ba zan danne masa ba. Na taɓa ganin wata mata da wuta ta cinye mata rabin kunci ta karɓi hotonta, ta zauna a bencin waje tana shafa shi tana kuka. Yaya ya fi shekara yana ba da labarin nan, kowace bayarwa kukan matar yana ƙara tsawo.

A wannan bencin yake kafa majalisarsa in rana ta yi sanyi. Wata rana na kai masa saƙo na tarar yana yi wa mai kemis da mai faci lacca.

“Gaskiya fa kamar hoto ce,” in ji shi. “Inda ka tsaya ne da inda haske ya faɗo. Matsa taku ɗaya hagu, ka ga wani mutum daban. To wanne ne shi? Duka shi ne, kuma babu ɗaya da yake shi.”

Mai kemis yana ta gyaɗa kai. Shi dai in da inuwa, ko me ka faɗa ya yarda.

Na ce, “Yaya, kenan in mai kemis ya ba ka maganin ɓera ya ce na ciwon kai ne, shi ma ya danganta?”

“Ke matsalarki kenan, komai sai kin jawo shi ƙasa. Maganar ilimi ake yi.”

“To ita rayuwar fa, da ka ce ba ta da ma'ana?”

“Ban ce ba ta da ita ba. Cewa na yi ba a haihuwar mutum da ita a hannu. Kowa shi yake liƙa wa tasa. Ni tawa, mutum ya shigo yana jin kunyar fuskarsa ya fita yana murmushi. Ke taki mece ce?”

Na ce tawa tana gida cikin baho, zanin gadon Baba ne na jiƙa tun safe, in yana da lokaci ya zo ya taya ni matsewa. Mai faci ya yi dariya har ya ƙware. Yaya ya ce in gaida Baba, zai leƙo ƙarshen mako.

Lokacin Umma ta yi shekara shida da rasuwa, Baba kuma tunaninsa ya fara zubewa. Da farko makulli ne yake ɓata, sai sunayen jikoki, sai hanyar banɗaki. Mijina ya ce mu ɗauko shi, tunda ni ɗinki nake yi a gida, ina nan wuni. Na ɗauko shi. Ni nake yi masa wanka, ni nake yanke masa farce, ni nake zama ina lallashi har ya buɗe baki a sa masa cokali. Wata rana ya kira ni da sunan Umma, wata rana ya tambaye ni ko ni 'yar waye. Yaya kuwa yakan zo ƙarshen mako rataye da kyamara. Ya ɗora wa Baba hula, ya gyara masa wuyan riga, ya ce Baba kalli nan, ƙyas, ƙyas, ya sha ruwa ya tafi. Minti ashirin bai cika yi ba. Mako mai zuwa ya kawo hoto a cikin ambulan kamar ya kawo magani.

Bari in faɗi yadda Babanmu yake, don ba a hoto za a gani ba. Baƙi ne sosai. Yana da tabo mai kauri da ya raba girarsa ta hagu biyu, tun ranar da kwano ya zame masa daga kan rufi. Fatar idon nan ta hagu ta faɗo rabi. Haƙoransa na gaba huɗu babu, kumatunsa sun lotsa, kuma tun da ciwon ya kama shi bakinsa ba ya rufuwa duka. A hotunan Yaya kuwa wani ɗan gayu ne mai shekara hamsin, fata sumul, ido biyu tar, haƙora reras. Wata rana da hankalin Baba ya ɗan dawo ya riƙe ɗaya ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Mutumin kirki ne da gani. Amma bai taɓa aiki ba.”

Ni ban damu da ɗaukar hoto ba, ga mai hoto a gida. Sau ɗaya na ɗauki Baba da wayata yana gyangyaɗi a kujera baki buɗe, don ya ba ni tausayi. Yaya ya gani ya ce haba, wannan ai tozarci ne. Ya karɓi wayar ya tura hoton wurinsa, ya goge nawa, ya dawo mini da gyararre. Na yi tsaki na ƙyale shi. Wannan ƙyalewar har yau tana ci na.

Ranar wata Alhamis da hantsi na fita bayan gida shanya. Na ɗauka na sa sakata, ashe ban tura ta har ƙarshe ba. Na dawo na ga kujera ba kowa, ƙofa a buɗe. Doguwar riga ce ruwan toka a jikinsa da silifas, aljihunsa ko takarda babu. Na zaga layinmu da na bayansa ba mayafi, ina tambayar duk wanda na gani. Zuwa azahar ni da mijina muna ofishin 'yan sanda. Ɗan sandan ya rubuta abin da zai rubuta ya ce mu kawo hotonsa na kwanan nan, shi ne zai fi komai amfani.

Na nufi shagon Yaya har da ɗan sanyi a raina. Yau dai, na ce, wannan kyamarar za ta yi rana. Ya buɗe kwamfuta nan take, don ya tsorata, ba zan yi masa ƙarya ba. Hotunan Baba sun fi ɗari biyu. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ɗan gayun nan ne a kowanne, yana ta yi mana murmushi da haƙoran da ba nasa ba.

Na ce, “Ba waɗannan ba. Ɗanyen nake so.”

Ya ci gaba da buɗe hotunan.

“Ko guda ɗaya, Yaya. Na makon jiya.”

“Kin san ba na ajiyewa.”

Ya duba katin kyamara, fayau. Ya duba wayarsa, ya zazzage durowa. Katin shaidar Baba da yake gida kuwa tsoho ne, fuskar ta koɗe ta zama inuwa. Sai Yaya ya ce in kwantar da hankalina, abin da ya cire ai zai iya mayarwa. Ya jawo hoto ɗaya ya fara duhunta fatar, ya zana layuka a goshi, ya baƙanta haƙora. Da ya zo kan tabon sai hannunsa ya tsaya.

Ya ce, “A dama yake ko?”

Na kalle shi. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana goge tabon nan da hannunsa.

“Hagu.”

“Kin tabbata? Don kin san in kina fuskantar mutum, hagunsa ya dangan...”

Na ce wallahi in ya ƙarasa kalmar nan sai na fasa kwamfutar a kansa, ko da ya girme ni da shekara biyar. Ya haɗiye ta. Ya zana tabon a hagu. Abin da ya fito ba Baba ba ne, ba kuma ɗan gayun ba ne, wani mugu ne irin wanda ake tsorata yara da shi. Ya goge ya sake har sau uku, kowanne ya fi na baya muni. Rana tana tafiya. Daga ƙarshe muka buga gyararren haka nan, na sa ya rubuta a ƙasa cewa tsoho ne mai shekara saba'in da takwas, baƙi, mai tabo a girar hagu, ba ya iya faɗin sunansa. Muka sa lambar wayata. Kwafi ɗari uku ya fitar, a takarda mai sheƙi, don ko a ranar bai iya yin aiki mara kyau ba.

Mutane hoto suke kallo, ba sa karanta ƙasa. Wannan na koye shi a kwana shidan nan. Waya ta yi ta shigowa. An ga mai kama da shi yana sayen taya. An gan shi yana tuƙa farar mota. Wani ya rantse shi ne mai kula da wani gidan mai, muka je muka tarar da wani bawan Allah mai ƙiba yana cin abincinsa. Yaya ya rufe shago yana yawo da takardu da gam, ya liƙa a turakun lantarki da tashar mota da bakin kasuwa. Ya rame, gemun nan ya hargitse. Ban tausaya masa ba. Ba ni da sauran wurin da zan sa tausayinsa.

A rana ta biyu na je babban asibiti. Ba lokacin ziyara ba ne, aka tsayar da ni a teburin karɓar baƙi. Na miƙa takardar na ce mahaifina ne, tsoho ne, ya fi haka tsufa sosai. Mutumin teburin ya yi mini kirki, ya ɗauki takardar ya shiga ɗakin maza da kansa, ya fito ya ce babu mai kama da wannan. Ya ce in bar ta zai liƙa a baranda. Na yi godiya na tafi. Da na zauna a ƙasa na ce ba inda za ni sai na shiga da idona, da sun gaji sun bar ni. Amma na miƙa hoto na yarda da hoto, ni da na fi kowa sanin abin da yake.

Ranar Laraba da sassafe aka buga mana ƙofa. Wani mutum ne mai furfura, da fensir a bayan kunne. Ya ce a hannun Baba ya koyi kafinta shekara talatin da suka wuce. Jiya da yamma aka kira shi gyaran taga a ɗakin maza na babban asibiti, ya ga maigidansa kwance a gado na uku, kai naɗe da bandeji. Ya yi masa magana bai amsa ba. Ya ce tun jiyan yake neman gidanmu, sai da ya bi ta tsohuwar unguwarmu aka yi masa kwatance. Na nuna masa takardar da ke hannuna na ce ai ga lamba nan, an liƙa ko'ina. Ya karɓa ya duba ya ce akwai irinta a turken ƙofar shagonsa, kwana biyar yana jingina katako a jikinta. Bai san maigida ake nufi ba.

Na kira Yaya muka haɗu a ƙofar asibiti. Wannan karon ban tsaya a tebur ba. Muka shiga ɗakin maza, gado na uku an yaye zanin, katifar roba ce kawai.

Wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace mai tabarau, ta ja mu gefe. Ta tambayi ko mu 'yan'uwan tsohon nan ne, na ce 'ya'yansa ne. Ta ce mu yi haƙuri, ya cika da asuba. Ta ce tun ranar Alhamis da rana aka kawo shi, babur ne ya buge shi a kan babban titi. Ciwon kan bai yi tsanani ba. Abinci ne ya ƙi. In an kawo cokali sai ya datse baki ya juya kai, sun yi ta fama, suka sa masa ƙarin ruwa ya fizge. Ni na san yadda ake yi. Sai ka fara ci a gabansa, ka ce Baba ɗanɗana ka ji ko gishiri ya yi, sannan zai buɗe. Ba wanda ya san wannan sai ni, kuma ina nan cikin gari ina bin masu farar mota.

“Bai faɗi suna ba ko sau ɗaya,” in ji ta. “Ƙofa dai yake kallo. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga kai.”

Ta ce mu biyo ta mu gan shi. Muka fito baranda. A bangon da ke daura da ƙofar ɗakin, taku bakwai ko takwas daga gadon, ga takardarmu nan a liƙe, tana sheƙi. Yaya ya tsaya cak a gabanta. Ma'aikaciyar ta ga ya tsaya, ta dawo ta dubi abin da yake kallo.

“Wannan ma nemansa ake yi,” ta ce. “Ko an gan shi, oho. Kullum na wuce sai na yi masa addu'a, mutum da sauran ƙarfinsa haka.”

Na jira Yaya ya ba ta amsa. Mai bakin nan da ya yi shekara ashirin yana cika bencin ƙofar shago, ko uffan. Sai ni na ce mata ta daina wahalar da kanta, wannan ba za a gan shi ba, don ba a taɓa haihuwar sa ba. Ga wanda ya yi shi nan tsaye.

Ba ta gane ba, ban kuma yi mata bayani ba. Yaya ya sa hannu zai ɓare takardar, gam ɗin ya kama sosai, sai gefe ɗaya ya yage. Ya hau kankare ta da farce, kaɗan-kaɗan. Na bar shi a nan na bi matar, don Baba ya daɗe yana jira a zo.